Kwakwar Manja: Asalinta a Afirka da Yadda Ta Zama Shukar Gandu a Asiya

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a bakin 'yan siyasa da masu sharhi a Najeriya, cewa a shekarun 1960 ne mutanen Malesiya suka zo suka ɗebi irin kwakwar manja, suka kai gida suka shuka, yau ga shi su ne ke sayar wa Najeriya da man. Akwai ɓurɓushin gaskiya a cikin labarin, amma rubutaccen tarihi ya nuna cewa bishiyar ta isa kudu maso gabashin Asiya tun 1848, fiye da shekara 100 kafin Najeriya ta sami 'yancin kai, kuma an buɗe gandun kasuwanci na farko a ƙasar da ake kira Malesiya a yau tun 1917.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne asalin bishiyar. 'Yar Afirka ce, daga kurmin da ya miƙe daga Senegal ya ratsa kudancin Najeriya da Kamaru har zuwa Kwango da Angola. A yau manja shi ne man girkin da aka fi samarwa a duniya, fiye da tan miliyan 70 a shekara, kuma Indonesiya da Malesiya kaɗai ke samar da sama da kashi 80 cikin 100. Najeriya, wadda ta taɓa riƙe kambun, tana samar da kimanin kashi 2 cikin 100, kuma abin da take samarwa ba ya isar ta, sai ta shigo da ƙari daga waje. Amsar yadda aka yi haka tana cikin tarihin bishiyar kanta: mutanen Afirka sun zauna da ita dubban shekaru suna kare ta suna cin moriyarta, amma aikin tace irinta da mayar da ita cikakkiyar shukar gona bai kankama ba sai a ƙarni na 20, kuma mafi yawan ribar aikin a wata nahiya aka kwashe ta.

Wace irin bishiya ce?

Kwakwar manja dangi ɗaya take da dabino da giginya da goriba da tukurwa, da kuma kwakwar da ake fasawa a sha ruwanta, wadda Hausawan da ke kira kwakwar Attagara. Masana tsirrai suna kiran ta Elaeis guineensis. Masanin tsirrai Nikolaus von Jacquin ne ya raɗa mata sunan a 1763, bayan ya gan ta a tsibirin Martinique da ke yankin Karebiyan. Kalmar farko ta samo asali daga sunan mai a Girkanci, ta biyu kuwa tana nuni da gaɓar tekun Gini, inda ya hakikance daga can aka kawo ta. Tana da 'yar'uwa guda ɗaya a nahiyar Amurka, Elaeis oleifera, wadda ba ta kai ta yawan mai ba.

Gangar jikinta ɗaya ce, ba ta rassa, kuma daga ƙoƙon kanta kaɗai take tofo. Idan aka bar ta a daji takan kai tsawon mita 20 ko fiye. Bishiya ɗaya ce ke fitar da furen namiji da na mace, amma bi da bi take yi: wani lokaci na namiji, wani lokaci na mace. Saboda haka kusan kullum daga wata bishiyar ake yi mata barbara. 'Ya'yan suna fitowa a dunƙule cikin wani curi mai ƙaya wanda kan ɗauki 'ya'ya 1,000 ko fiye, nauyinsa kuma kan kai kilo 10 zuwa 25 a babbar bishiya.

Mai iri biyu ake samu daga ɗa guda. Tsokar waje ita ke ba da manja, wanda jansa ya samo asali daga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. A tsakiyar tsokar akwai ƙwallo mai tauri, a cikin ƙwallon kuma akwai farar ƙwaya wadda ake matse man alayyadi daga gare ta. Daga ganyenta ake yin tsintsiyar kwakwa da ke kusan kowane gida a arewa, daga ruwan jikinta kuma mutanen kurmi ke samun bammi.

Bishiyar tana son ruwan sama kimanin milimita 2,000 a shekara, wanda ya rarrabu cikin watanni ba tare da dogon rani ba, da zafi, da hasken rana mai yawa. Wannan ne dalilin da ya sa ba ta yi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Sai an gangara kudancin Kaduna da Nasarawa da Neja da Taraba ake fara ganin ta a bakin rafuka, sannan ta yawaita a Kogi da Binuwai zuwa kudu.

Shaidar da ke binne a ƙasa

An taɓa yin muhawara a kan asalinta. A 1942 wani masanin tsirrai Ba'amurke, O. F. Cook, ya yi iƙirarin cewa daga Barazil ta fito, ganin yadda ta yi kurmi a gaɓar tekun ƙasar, da kuma cewa yawancin danginta na kusa a Amurka suke. Hujjar da ta rushe wannan ra'ayi daga Najeriya ta fito. A 1964 A. C. Zeven ya ba da rahoton ƙurar fure mai kama da tata, wadda ta daskare a cikin laka a ƙarƙashin yankin Neja Dalta tun miliyoyin shekaru da suka wuce, kafin a sami ɗan Adam da zai iya ɗauko ta daga ko'ina. Binciken harsuna ya ƙara ƙarfafa wannan, domin sunayenta a harsunan kurmin Afirka ta Yamma tsofaffi ne na gida, ba aro ba ne daga Turawan Fotugal.

Masu haƙar kayan tarihi kuma sun samo shaidar yadda mutane suka ci ta. Ɓawon ƙwallonta yana da tauri ƙwarai, idan ya ƙone yakan daɗe a ƙasa bai ruɓe ba. A kogon Bosumpra da ke tsaunukan Kwahu a Gana, wanda Thurstan Shaw ya fara haƙa a 1943, an sami tarihin amfani da tsirrai na kimanin shekara 10,000. Mazauna kogon na farko sun fi dogara ga atili, daga baya kwakwar manja ta riƙa yawaita har ta danne shi. A kufan al'ummar Kintampo da ke tsakiyar Gana, waɗanda suka rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce, an sami ɓawon kwakwa da ƙwayoyin wake, a wani kufan nasu na arewa kuma an sami gero. A Obobogo, kusa da Yawunde a Kamaru, an tono ramuka masu ɗauke da ɓawon kwakwa da na atili na ƙauyukan da suka zauna kusan shekara 3,000 da suka wuce.

Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan, wadda ta ƙware a nazarin tsohuwar ƙurar fure, ta gano cewa ƙurar furen kwakwa ta ƙaru ƙwarai a lakar Neja Dalta kimanin shekara 2,800 da suka wuce, tare da ta ciyayin da ke bin gona. Ta fassara wannan da cewa manoma ne suka fara sare kurmi. Masanin Faransa Jean Maley da abokan aikinsa sun ce sauyin yanayi ne ya buɗe kurmin a wancan zamani, kwakwa ta sami sarari ta bazu da kanta. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: bishiyar ba ta iya rayuwa a inuwar duhun kurmi. Mazauninta na asali bakin kogi ne da fadama da gefen daji, kuma duk abin da ya buɗe mata sarari, ko gatari ne ko fari, ya yi mata gata.

Tsakanin daji da gona

Manomin ƙasar Hausa ya san irin zaman da ke tsakaninsa da ɗorawa da kaɗanya. Ba shi ya shuka su ba, amma idan zai share gona yakan bar su, ya san mai kowace bishiya, kuma ana gadon su. Irin wannan zama ne mutanen kurmi suka yi da kwakwar manja. Idan an sare daji za a dasa doya, sai a bar kwakwar da aka tarar. Gangar jikinta tana jure wutar sharar gona. Ƙwallayen da aka zubar a bayan gida suna tsirowa, tsuntsaye irin su aku da wata ungulu mai cin kwakwa, da ɓeraye da birai, suna yaɗa wasu. Bayan zuriya da zuriya sai kewayen ƙauyuka ya zama kurmin kwakwa, har ya kasance idan aka ga tarin kwakwa a tsakiyar daji, alama ce ta tsohon kufai. Mafi girman irin waɗannan kurame yana kudu maso gabashin Najeriya, a ƙasar Ibo da Ibibiyo, inda jama'a ke da yawa.

An raba aikin tun da can: maza ke hawa da igiya su saro curin, mata kuma su dafa 'ya'yan, su kirɓa a turmi ko su tattake a rami, su zuba ruwa su kwashe man da ya taso, su sake dafa shi ya tsane. Fasa ƙwallon da sayar da ƙwayar ma galibi haƙƙin mata ne. Bishiyar ta shiga al'ada sosai: masu duban Ifa a ƙasar Yarabawa da ƙwallayenta 16 suke aiki, Ibo kuma kan ɗaura ɗanyen tofonta alamar cewa wuri ko abu ya zama haramtacce.

Mutanen kurmi sun san bishiyoyin ba ɗaya suke ba. Sun san mai kaurin ɓawo da ƙarancin tsoka, sun san mai siririn ɓawo da yawan mai, kuma suna fifita ta biyun. To me ya hana su cika gonakinsu da mai kyan kaɗai? Kwatanci da dabino zai bayyana dalilin. Dabino yana fitar da 'ya'ya a gindinsa, waɗanda idan aka cire aka dasa, sai su fito daidai da uwar. Ta haka manoman Gabas ta Tsakiya da Sahara suka adana nau'o'in dabino masu suna tsawon ƙarnoni. Kwakwar manja ba ta fitar da ɗa a gindi. Ta ƙwallo kaɗai take yaɗuwa, ƙwallon kuma yana ɗauke da gadon uban da ba a sani ba. Wanda ya shuka ƙwallon bishiya mafi kyau a garinsu zai jira shekaru, sannan ya tarar wasu sun yi kaurin ɓawo, wasu ma ba sa riƙe 'ya'ya. Wannan ƙulli ba a warware shi ba sai a 1941.

Daga jiragen bayi zuwa masana'antun sabulu

Matafiyin nan ɗan Benis, Alvise Cadamosto, wanda ya zo gaɓar Senegal a 1455 a ƙarƙashin tutar Fotugal, yana cikin Turawan farko da suka rubuta bayanin wani jan mai da mutanen yankin ke girki da shi. A zamanin cinikin bayi ta tekun Atlantika, jiragen ruwa kan sayi manja don abincin bayin, a kuma shafe jikinsu da shi kafin a kai su kasuwa. Ta wannan hanya bishiyar ta tsallaka zuwa Karebiyan da jihar Bahia ta Barazil, inda har yau ake kiran man dende, ana kuma soya wani ƙosan wake da shi mai suna akaraje.

Bayan Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, 'yan kasuwar Libaful suka juya ga manja. Masana'antu na bukatar sa don sabulu da kyandir, da giris na injuna da jiragen ƙasa, da kuma aikin rufe ƙarfe da kuza don yin gwangwani. Abin da Birtaniya ke shigarwa ya tashi daga 'yan ɗaruruwan tan a farkon ƙarnin zuwa kimanin tan 30,000 a shekara a tsakiyarsa. Daga baya Jamus ta zama babbar kasuwar ƙwayar alayyadi, musamman bayan an ƙirƙiro bota ta man tsirrai. Garuruwan Bonny da Kalaba da Brass suka bunƙasa, har Turawa suka riƙa kiran yankin da sunan kogunan mai, sunan da suka ba mulkin kariyar da suka kafa a wurin a 1885. Sarki Gezo na Dahomey ya sa bayi aikin gandayen kwakwa. Jaja, wanda ya kafa Opobo wajen 1870, ya riƙe hanyar kasuwannin cikin ƙasa har ya fara aika manja Ingila kai tsaye, abin da ya sa Turawan suka kama shi da yaudara a 1887 suka kai shi gudun hijira Karebiyan.

Duk wannan ciniki daga kuramen ƙananan manoma ya fito. William Lever, mai kamfanin sabulun Sunlight, ya nemi gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi manyan filaye a Afirka ta Yamma, aka hana shi, don gudun rikicin ƙwace ƙasar jama'a. Sai ya koma Kwango ta Beljiyam, inda a 1911 aka ba shi damar mallakar har hekta 750,000. Kamfaninsa ya dogara ga tilasta wa mutane sarar kwakwa, kuma wannan zalunci na cikin abubuwan da suka haddasa tawayen ƙabilar Pende a 1931. A Najeriya ma manja ya shiga siyasa: boren matan Aba na 1929 ya ɓarke ne a lokacin da farashin manja da ƙwaya ya faɗi, ga kuma jita-jitar za a ɗora wa mata haraji. Sojoji sun kashe mata fiye da 50.

Tsiro huɗu a tsibirin Jaba

A 1848 aka dasa tsiron kwakwar manja guda huɗu a lambun binciken tsirrai na Buitenzorg, garin da ake kira Bogor a yau, a tsibirin Jaba da ke ƙarƙashin mulkin Holan. Biyu daga lambun Amsterdam aka kawo su, biyu kuma ta tsibiran tekun Indiya, wato Bourbon ko Mauritius. Shekaru da dama ba a ɗauke su da muhimmanci ba. 'Ya'yansu da jikokinsu an riƙa dasa su ne don ado, a jere a gefen hanyoyin gandayen taba a yankin Deli na tsibirin Sumatra.

Wani ɗan Beljiyam, Adrien Hallet, wanda ya san bishiyar tun a Kwango, shi ya lura cewa waɗannan na ado sun fi na Afirka saurin girma da yawan tsoka. Ƙasar Sumatra mai toka ce ta aman wuta, ruwa na sauka kusan duk shekara, kuma cututtuka da kwarin da suka saba da bishiyar an baro su a Afirka. A 1911 ya buɗe gandayen kasuwanci na farko a Sumatra. Abokinsa Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya ɗauki irin zuwa Malaya, ya dasa a gandun Tennamaram da ke Selangor a 1917. Zuriyar waɗancan tsirrai huɗu ita ake kira Deli dura, kuma har yau ita ce uwar mafi yawan irin da ake shukawa a duniya.

Gandu ya zo da wata fa'ida ta daban. Da zarar an sare curin kwakwa, man da ke cikinsa yakan fara tsami, don haka mai inganci sai wanda aka sarrafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Gandun da ke da injin matsa a tsakiyarsa yana iya cika wannan sharaɗi, ƙauyen da ke tara 'ya'ya na kwanaki ba ya iyawa. Kafin ƙarshen shekarun 1930, Sumatra ta sha gaban Najeriya wajen fitar da manja zuwa kasuwannin duniya, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse mata hanzari.

Sirrin ɓawo

A cibiyar binciken aikin gona ta Yangambi, a bakin kogin Kwango, masana biyu 'yan Beljiyam, Beirnaert da Vanderweyen, suka wallafa sakamakon da ya sauya noman kwakwa a 1941. Sun nuna cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke hukunta kaurin ɓawo, kuma ita ta raba bishiyar gida uku. Dura tana da ɓawo mai kaurin milimita 2 zuwa 8. Pisifera ba ta da ɓawo ko kaɗan, amma yawanci 'ya'yanta na lalacewa kafin su nuna. Tenera, mai siririn ɓawo da tsoka mai yawa, ita ce ruwa biyu: gado ɗaya daga dura, ɗaya daga pisifera.

Wannan ya bayyana abin da ya gagari manoma. Idan tenera ta haɗu da tenera, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito dura, kashi ɗaya pisifera marar amfani, rabi ne kawai zai gaji iyayen. Amma idan aka ɗauki ƙurar furen pisifera aka zuba wa furen dura da hannu, aka rufe shi da jaka don kada wata ƙura ta shiga, duk 'ya'yan za su fito tenera, wadda man da take bayarwa ya fi na dura da kimanin kashi 30 cikin 100. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 gandaye suka koma ga wannan iri. Uban da aka fi amfani da shi a Asiya ya samo asali daga wata fitacciyar bishiya ta lambun Eala a Kwango, mai suna Djongo, wadda aka kai irinta Sumatra a shekarun 1920. A 2013 masana na hukumar manja ta Malesiya, MPOB, da abokan aikinsu suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon bishiyar a mujallar Nature, suka kuma gano ainihin ƙwayar da ke kula da ɓawon, ta yadda yanzu ana iya gwada tsiro tun yana reno a san abin da zai zama.

Darasin yana da amfani ga duk mai shirin dasa kwakwa a yau. Tsiron da aka tsinta a ƙarƙashin gandun tenera, ko aka saya a bakin hanya ba tare da sanin tushensa ba, zai koma ga wancan rabon na ɗaya, biyu, ɗaya. Manomi ba zai gane asarar ba sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da bishiyoyin suka fara haihuwa, alhali gandun kwakwa jari ne na kimanin shekara 25.

Akwai wani abu kuma da Asiya ta sake ɗauka daga Afirka. Shekaru da dama ana zaton iska ce ke yi wa kwakwa barbara, kuma a sassan Malesiya sai da aka riƙa ɗaukar ma'aikata suna bin bishiyoyi suna fesa ƙurar fure da hannu. Binciken da masanin kwari Rahman Anwar Syed ya yi a Kamaru a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa wasu ƙananan kwari masu dogon baki ne ke yin aikin. A 1981 aka saki ɗaya daga cikinsu, Elaeidobius kamerunicus, a Malesiya. Cikin 'yan shekaru ya bazu, aka daina barbarar hannu a gandaye, 'ya'yan da ke kamawa a kowane curi kuma suka ƙaru.

Inda Najeriya ta tsaya, da gaskiyar labarin iri

Najeriya ba ta rasa bincike ba. An kafa tashar binciken kwakwar manja kusa da birnin Benin a 1939, ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya a 1951, sannan ta koma cibiyar NIFOR a 1964, wadda ita ce kuma ke da reshen binciken dabino a Dutse ta jihar Jigawa. A farkon shekarun 1960 ƙasar ce kan gaba a duniya, inda ake ƙiyasta rabonta da fiye da kashi 40 cikin 100. Amma yawancin man daga tsofaffin kurame yake fitowa, masu cike da dura. Hukumomin sayen amfanin gona suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, abin da ya rage masa ƙwarin gwiwar sake dashe. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa a tsakiyar yankin kwakwa, bayansa kuma man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, yawan jama'a ya cinye abin da ake fitarwa.

A daidai wannan lokaci Malesiya tana neman abin da zai rage mata dogaro da roba. Hukumar FELDA, wadda aka kafa a 1956 don tsugunar da marasa ƙasa, ta fara dasa kwakwa a 1961. A 1966 ƙasar ta zama ta ɗaya wajen fitar da manja, ta riƙe matsayin mai samarwa mafi girma daga shekarun 1970 har Indonesiya ta wuce ta a 2006.

Gaskiyar da ke cikin labarin ɗiban iri ita ce wannan. Masanan Malesiya sun fahimci cewa masana'antar da aka gina a kan zuriyar bishiyoyi huɗu tana cikin haɗari, domin cuta guda na iya yi mata ƙarƙaf, kuma tace iri ba ya nisa idan gadon ya yi ƙunci. Saboda haka a 1973 cibiyar binciken gona ta Malesiya, MARDI, tare da haɗin gwiwar NIFOR, ta zagaya kuramen Najeriya ta tattara iri daga ɗaruruwan bishiyoyi, aikin da sunan masanin nan N. Rajanaidu ya shahara da shi. An dasa su a Kluang ta jihar Johor. Daga baya aka yi irin wannan tattarawa a Kamaru da Kwango da Tanzaniya da Madagaska da Angola da Senegal da Saliyo da Gini da Gana. Nazarin da aka yi wa taskar ya nuna cewa irin Najeriya yana cikin waɗanda suka fi kowane bambancin gado, kuma a cikinsa aka sami bishiyoyi masu jinkirin tsawo da yawan haihuwa, waɗanda suka fi sauƙin girbi, aka shigar da su cikin sababbin nau'o'in Malesiya. Ke nan an ɗebi iri, amma a 1973 ne, bisa yarjejeniya, kuma don a ƙarfafa masana'antar da ta riga ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ke gaba

Hekta ɗaya ta gandun kwakwa mai kyau, mai ɗauke da bishiya 143, tana ba da tan 3 zuwa 4 na mai a shekara, ninki da yawa na abin da waken suya ko gyaɗa ke bayarwa a fili ɗaya. Wannan ne ya sa man ya shiga taliyar 'yan yara da biskit da sabulu da man shafawa da man dizal na tsirrai. Shi ne kuma ya sa aka sare miliyoyin hekta na kurmi a Sumatra da Borneo, aka ƙona ƙasar fadama har hayaƙi ya turnuke yankin a 1997 da 2015, aka takura wa namun daji irin su birin orangutan. A 2004 aka kafa ƙungiyar RSPO don tantance manjan da aka noma ba tare da irin wannan ɓarna ba, a 2023 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana shigo da kayan da aka sare daji don samar da su. Da fili ya fara ƙaranci a Asiya, manyan kamfanoni sun waiwayo Afirka, abin da ya jawo takaddamar filaye da al'ummomi a Laberiya da Saliyo da Kamaru da wasu sassan Najeriya.

Dogaro da ƙasashe biyu yana da nasa haɗarin. A watan Afrilun 2022 Indonesiya ta dakatar da fitar da manja na kimanin mako uku don ta sauko da farashin man girki a gida, kasuwannin duniya suka girgiza. Ga mai sayen kwalbar manja a Kano ko Zariya don miya ko alale, farashin da ake yankewa a kasuwar Kuala Lumpur yana da tasiri a aljihunta, ko da man da ta saya daga Kogi ko Edo aka ɗauko shi.

Har yanzu mafi yawan manjan Najeriya daga hannun ƙananan manoma da kuramen gado yake fitowa, tare da manyan gandaye irin na Okomu da Presco a jihar Edo. Waɗannan kurame ba sa ba da mai kamar gandu, amma su ne ma'ajiyar gadon da masu tace iri a ko'ina cikin duniya ke komawa gare ta idan suna neman juriyar cuta ko fari. Duk kurmin da aka share aka maye gurbinsa da iri ɗaya, ko aka mayar da shi filin gini, yana tafiya da wani ɓangare na wannan ma'ajiya, sai dai idan an riga an tattara irinsa an adana, kamar yadda aka yi a 1973.